Faifan Da Kamfani Ya Ƙi, Jama'a Suka Karɓa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a bana na zaɓi in yi magana a kan wani faifan waƙa na mutanen Amurka. Na san waɗansu daga cikin iyayenmu za su ce, ina ruwan ɗan makaranta da labarin makaɗa, makaɗan ma na wata uwa duniya? To, ina roƙon su yi mini haƙuri su kai ƙarshe. Abin da ya ja hankalina ga wannan labari wata tambaya ce wadda ta shafi kowane ɗayanmu, yaro da babba. In mutum ya yi aiki ya kai wa mai ikon cewa i ko a'a, aka ce masa a'a, laifin aikin ne ko kuwa na idon mai dubawa? Kuma ta yaya za a gane?

Faifan da na ke nufi sunansa Yankee Hotel Foxtrot, na wata ƙungiyar makaɗa ce da a ke kira Wilco, mazauna birnin Shikago. An gama shi a 2001, kamfanin da ya biya kuɗin yinsa ya ƙi fitar da shi, wani kamfani ya fitar da shi a 2002, ya kuwa zama shi ne ya fi dukan faya-fayansu kasuwa. Zan bi labarin daki-daki, sa'an nan in faɗi darussan da na ga ya kamata mu ɗauka.

Kalmomi uku da ya kamata a fara sani

Ta farko ita ce rok. Wannan wani irin kiɗa ne da ya tashi a Amurka cikin shekarun 1950, daga gamayyar kiɗan baƙar fata da na Turawan karkara. Yawanci mutum huɗu ko biyar ke yinsa. Akwai mai jita ta lantarki, da mai wata jitar mai kaurin murya, da mai ganguna wanda ya kan zauna ya kaɗa da hannu da ƙafa, wani lokaci kuma da mai fiyano.

Ta biyu ita ce indi. Guntuwar wata kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai. Da farko ana faɗinta ga makaɗan da ke fitar da waƙoƙinsu ta hannun ƙananan kamfanoni, ba su shiga ƙarƙashin manya ba. Daga baya sai ta zama sunan duk makaɗan rok da ke yin kiɗa yadda ransu ya so, ko gidajen rediyo su sa ko kada su sa, ko da kuwa babban kamfani ne ke riƙe da su. Wilco suna cikin wannan kashi na biyu.

Ta uku ita ce faifai. Asalinsa faifan garmaho ne, amma ko da aka koma kaset, aka koma sidi, aka koma waya, sunan bai canza ba. Abin da a ke nufi shi ne tarin waƙoƙi kamar goma ko goma sha biyu, waɗanda aka ɗauka a ɗakin ɗaukar murya, aka jera su bi da bi, aka fitar da su tare da suna ɗaya, kamar yadda a ke haɗa babi-babi su zama littafi.

Su wane ne Wilco?

Shugaban ƙungiyar, wanda ke tsara waƙa ya kuma rera, shi ne Jeff Tweedy. An haife shi a 1967 a wani gari da a ke kira Belleville, ubansa ma'aikacin reluwe ne. Tun yana makarantar sakandare ya haɗu da wani ɗan ajinsu, Jay Farrar, suka fara kiɗa tare, har suka kafa ƙungiya mai suna Uncle Tupelo. Sun fitar da faifai huɗu, sa'an nan suka ɓata a 1994, Farrar ya kama gabansa. Tweedy ya tattara sauran abokan aikin ya kafa Wilco a wannan shekara.

Sunan nan Wilco yana da ban dariya in aka dubi abin da ya faru daga baya. Guntun magana ne na sojoji da matuƙa jirgin sama a rediyo, ma'anarsa, na ji kuma zan bi umarni. Za ku ga yadda suka bi umarnin.

Kamfanin da ya ɗauke su shi ne Reprise, wanda shahararren mawaƙin nan Frank Sinatra ya kafa a 1960, daga baya ya koma ƙarƙashin babban kamfanin Warner. A nan suka fitar da A.M. a 1995, da Being There a 1996, da Summerteeth a 1999. Masu sharhi a jaridu suna yabonsu, suna kuma da magoya baya masu riƙon amana, amma ba su taɓa yin waƙar da ta game gidajen rediyo ba. A kan faifan 1999 ma kamfanin ya sa sun sake gyara waƙa ɗaya don ta dace da rediyo, suka yarda suka gyara, duk da haka ba ta yi tasiri ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

Yadda aka yi faifan

Ba su tafi ɗakin ɗaukar murya na haya ba. Suna da wani bene nasu a Shikago inda suka tara kayan kiɗa da na'urori, a nan suka zauna wata da watanni daga ƙarshen 2000 zuwa farkon 2001. Su biyar ne: Tweedy, da John Stirratt mai jita mai kaurin murya, da Leroy Bach, da Jay Bennett wanda ya iya kayan kiɗa iri-iri ya kuma iya sarrafa na'urorin ɗaukar murya, da mai ganguna. A watan Janairu na 2001 aka sallami tsohon mai gangunan, Ken Coomer, aka kawo Glenn Kotche, mutumin da ba ganga kaɗai ya ke kaɗawa ba, har ƙarafa da tarkace in ya ji sautinsu ya yi masa.

A nan ya kamata in bayyana wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. A ɗakin ɗaukar murya ba a kan ɗauki kiɗa gaba ɗaya kamar yadda mu ke ɗaukar magana da waya ba. Kowane abin kiɗa da layinsa, murya ma da nata. Bayan an gama ɗauka sai wani gwani ya zauna ya haɗa su, ya ɗaga wannan, ya sauke wancan, ya zubar da wani ɗungum. Aikinsa kamar na mai miya ne: kayan haɗi ɗaya ne, amma hannu ya bambanta, wata ta cika gishiri, wata ta san inda za ta tsaya.

A kan wannan aiki na haɗawa ne rigima ta tashi tsakanin Tweedy da Bennett. Bennett mutum ne mai son ya cika waƙa da sauti iri-iri, kuma yana ganin shi ya fi sanin na'urorin. Tweedy kuwa sai ya kawo wani makaɗi daga waje, Jim O'Rourke, ya damƙa masa haɗin. O'Rourke ya rage abubuwa da yawa, ya bar sarari a cikin waƙoƙin. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Da aka gama faifan, a cikin 2001 ɗin nan, aka sallami Bennett daga ƙungiyar.

Mun san waɗannan abubuwa ne filla-filla saboda wani mai ɗaukar hoto, Sam Jones, ya zo da kyamara yana ɗaukar fim na yadda a ke aikin. Shi ya zo ne ya ɗauki makaɗa suna kiɗa, sai ya tarar da gardama da kora da rikicin kamfani, duk ya ɗauka. Fim ɗin ya fito a 2002, baƙi da fari.

To, yaya faifan ya ke a kunne? Waƙoƙi goma sha ɗaya ne, tsawonsu duka kamar minti 52. Na saurare shi sau da dama, kuma ga yadda zan kwatanta shi. In ka tuɓe kowace waƙa za ka tarar mai sauƙi ce, wadda mutum ɗaya zai iya yi da jita a zaure. Amma an lulluɓe su da ƙara da shuuu, irin wadda mu kan ji in muna murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha. Wani lokaci waƙa na tafiya lafiya lau sai ta wargaje, sa'an nan ta sake haɗuwa. Ta farko ma kusan minti bakwai ta ke, alhali gidajen rediyo sun fi son ta minti uku ko huɗu mai amshin da ke kama baki nan da nan. Maganar da ke cikin waƙoƙin kuwa yawanci a kan nisa ce, da wuyar da mutum ke sha kafin wanda ya ke so ya fahimce shi.

Sunan faifan ma daga rediyo ya fito. Duk wanda ya saba da gajeren zango ya san akan yi karo da tashoshin da ba a san masu su ba. Akwai waɗansu da ba abin da su ke yi sai karanta lambobi ko haruffa, ana kyautata zaton saƙonni ne zuwa ga 'yan leƙen asiri. Wani ƙaramin kamfani a Ingila, Irdial, ya tara irin waɗannan muryoyi ya fitar a 1997. A ciki akwai muryar wata mace tana ta maimaita Yankee, Hotel, Foxtrot, watau haruffan Y, H, F, yadda masu rediyon soja ke kiransu don kada a rikita su. Tweedy ya sa wannan murya a ƙarshen ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya kuma ba faifan sunan. Murya ce ana ta aikawa, ba a san ko akwai mai ji ba, kuma wannan shi ne jigon faifan baki ɗaya.

Kamfani ya ce a'a

A farkon 2001 aka haɗe kamfanin Time Warner da na AOL, suka zama ƙato guda. Duk inda aka yi irin wannan haɗi sai an shiga neman inda za a rage kashe kuɗi. Aka sallami ma'aikata da yawa a sashen waƙoƙi, shugaban Reprise, Howie Klein, wanda ya ke ƙaunar Wilco yana kuma tsaya musu, shi ma ya bar aiki. Watau sa'ad da aka miƙa faifan, wanda zai yi musu magana a ciki ba ya nan.

Waɗanda suka saurara suka ce ba su ji waƙar rediyo a ciki ba, suka nemi a yi gyara. Ku tuna an taɓa yin haka a 1999, gyaran bai haifi kome ba. Wannan karon Tweedy ya ce faifai ya gamu, ba zai taɓa shi ba. Sai kamfanin ya ce to, a rabu. Aka sake su, aka kuma bar musu faifan su tafi da abinsu.

Kada mu yi saurin cewa mutanen kamfanin wawaye ne. Su 'yan kasuwa ne, an kuma ɗora musu nauyin su kawo riba. Awon da ke hannunsu ɗaya ne: rediyo zai sa ko ba zai sa ba? A kan wannan awo sun yi gaskiya, gama har faifan ya gama tashensa babu waƙarsa da ta zama ruwan dare a rediyo. Inda suka yi kuskure shi ne zaton da suka yi cewa rediyo ce kaɗai hanyar da waƙa ke bi ta isa kunnen mutane.

Satumba 2001

Ranar da aka shirya fitar da faifan tun farko ita ce 11 ga Satumba, 2001. Rabuwa da kamfani ta sa ranar ta zo babu faifai a kanti. A wannan rana ce aka kai hari da jiragen sama a Amurka, dogayen benaye biyu na Cibiyar Ciniki ta Duniya a birnin Niyok suka rushe, mutum kusan 3,000 suka halaka.

Kafin nan waƙoƙin sun riga sun fara yawo a intanet ta hannun masu kwafa, kuma kwafin ba shi da kyau. Sai ƙungiyar ta yi abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ran 18 ga Satumba suka ɗora faifan ɗungurungum a shafinsu na intanet, kowa ya saurara kyauta. Mu da muka tashi muka tarar da waƙa a waya ba za mu ga abin mamaki a nan ba, saboda haka sai mu tuna da zamanin. Babu Facebook sai 2004, babu YouTube sai 2005. Manyan kamfanoni kuwa a lokacin yaƙi su ke da intanet, har sun kai Napster kotu, wata kafa da matasa ke musayar waƙa, aka rufe ta a watan Yuli na 2001. Imanin kowa a sana'ar shi ne, wanda ya ji kyauta ba zai saya ba.

Da suka fita zagayen wasa a garuruwa bayan wannan, sai suka tarar da ɗakuna cike, jama'a na amsa waƙoƙin faifan da ko kanti bai shiga ba. Jaridu suka ɗauki labarin, musamman wani mai sharhi na jaridar Chicago Tribune, Greg Kot. Kamfanoni da dama suka zo zawarci. A ƙarshen shekarar suka zaɓi Nonesuch, kamfanin da aka sani da kiɗan natsuwa da na ƙasashen duniya, wanda ya fitar da waɗansu faya-fayan Youssou N'Dour na Senegal.

Ga inda abin dariyar ya ke. Nonesuch ma na Warner ne, uwarsu ɗaya da Reprise. Watau Warner ya biya kuɗin yin faifai, ya bayar da shi, ya sake sa kuɗi ya karɓo shi. Kamar mutum ne ya kori akuyarsa ta ƙofar gida, ya zaga kasuwa ya sayo ta.

Yadda aka karɓe shi

Faifan ya fito ran 23 ga Afrilu, 2002, wata bakwai bayan kowa ya sami damar jinsa kyauta. A makon farko an sayar da fiye da 55,000, ya hau matsayi na 13 a jerin mujallar Billboard, wadda ke lissafa faya-fayai 200 da suka fi kasuwa a Amurka kowane mako. Wanda ya gabace shi a na 78 ya tsaya. Daga baya ya sami shaidar zinariya, wadda a Amurka a ke ba faifan da ya kai 500,000.

Masu sharhi kuma suka yi masa ruwan yabo. Mujallar Pitchfork ta intanet, wadda aka sani da rowar maki, ta ba shi 10 bisa 10. A wancan zamani jaridar Village Voice ta Niyok ta kan tara ƙuri'un ɗaruruwan masu sharhi a ƙarshen kowace shekara, a ƙuri'ar 2002 shi ya zo na ɗaya.

Amma akwai abin lura game da yadda mutane suka ji shi. Hoton bangon faifan dogayen benaye ne guda biyu, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. A cikin waƙoƙin akwai mai suna War on War, watau yaƙi da yaƙi, da mai suna Ashes of American Flags, watau tokar tutocin Amurka. Mutanen da ke cikin juyayi suka saurara suka ji kamar da su a ke. Alhali kuwa an gama waƙoƙin duka watanni kafin harin, benayen da ke hoton ma na Shikago ne, ana kiransu Marina City, an gina su tun shekarun 1960, masu kama da totuwar masara. Mawaƙi bai san gaibu ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mai sauraro ya kan zo da nasa kayan a ka, ya sauke su a kan abin da ya ji.

Ba kowa ne ya yaba ba. Robert Christgau, tsohon mai sharhi wanda a lokacin shi ne ma ke kula da ƙuri'ar nan ta Village Voice, ya ce kiɗan da daɗi amma maganganun hamma su ke sa shi. Waɗansu tsofaffin magoya baya, masu son kiɗansu na da mai ƙanshin karkara, suka ga an cika ƙara. Waɗansu kuma suka ce labarin ne ya fi faifan daɗi, wai mutane na son su ga ƙarami ya ka da babba, shi ya sa suka cika yabo. Ni a ganina wannan suka ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba abin da zai warware ta sai lokaci.

Abin da aka biya

Ba zan yi adalci ba in na nuna kamar kowa ya fita da dariya. Kamfanin Irdial ya kai ƙara, ya ce an ɗauki muryar nan daga faifansa ba izini, sai da aka sasanta a wajen kotu aka biya shi. Waɗanda aka tausaya wa don an ƙi aikinsu, su ma ga shi sun taɓa na wani ba su tambaya ba.

Mai ban tausayi shi ne Jay Bennett. Yawancin waƙoƙin faifan da hannunsa aka tsara kiɗansu, amma ranar da yabo ya zo ba ya cikin ƙungiyar, fim ɗin kuma ya nuna shi a matsayin mai gardama. Ya ci gaba da fitar da nasa faya-fayan, ba su yi nisa ba. A watan Mayu na 2009 ya kai Tweedy ƙara a kan haƙƙinsa, kafin watan ya ƙare ya rasu yana da shekara 45. Shi kansa Tweedy ciwon kai mai tsanani ya dame shi a lokacin aikin, maganin kashe zafi ya kama shi, sai da ya kwanta asibiti a 2004 kafin ya rabu da shi. Duk wanda ke ganin rayuwar mawaƙi hutu ce da tafi, ya dubi wannan.

Bayan shekara ashirin

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Faifan bai kai arba'in ba, amma ya wuce ashirin, hayaniyar rigima da kamfani ta daɗe da kwantawa, saboda haka ana iya duba shi da ido mai sanyi. Mujallar Rolling Stone ta kan jera faya-fayai 500 da ta ke gani sun fi kowane. A jerin 2012 ya zo na 493, a na 2020 ya hau zuwa na 225. A 2022 aka sake fitar da shi tare da waƙoƙin gwaji da ba a taɓa ji ba, wannan fitowa ta ci lambar Grammy a 2023 a rukunin faya-fayan tarihi. Da labari ne kaɗai ke riƙe da shi, da ya yi ƙasa sa'ad da labarin ya tsufa.

Ƙungiyar ma ba ta watse ba. Faifan da ya biyo baya, A Ghost Is Born na 2004, ya ci Grammy biyu. A 2004 ɗin suka zama su shida, kuma har zuwa faifansu na goma sha uku, Cousin na 2023, ba a sake canza kowa ba. Ɗaya daga cikin sababbin, Nels Cline mai jita, ya sa hannu a faifan Tassili na ƙungiyar Buzaye ta Tinariwen daga arewacin Mali a 2011. A 2011 kuma Wilco suka fara fitar da faifai ta kamfaninsu na kansu, watau sunan nan na masu cin gashin kai ya tabbata a kansu.

Darussa

Na farko, a'a ɗin mai iko hukunci ne na mutum ɗaya, da awo ɗaya, a rana ɗaya. In an ƙi aikinka, tambayi da wane awo aka auna shi. Wannan ya shafi ɗalibin da aka mayar wa rubutunsa, ya kuma shafi mahaifin da ya nemi aiki ko kwangila aka hana shi. Wani hanin ma alheri ne, gama da Reprise ya karɓi faifan ba da son ransa ba, da wataƙila ya fito shiru ya ɓace shiru.

Na biyu, kuma ina roƙon 'yan'uwana su kula da shi ƙwarai, wannan labari ba lasin ba ne na ƙin gyara. Kada wani ya ce malam ya ja masa jan biro a insha'i, shi ma zai yi irin ta Tweedy. Sa'ad da Tweedy ya ce a'a, ya fi shekara goma yana sana'ar, ya fitar da faya-fayai da dama, ya taɓa karɓar gyaran kamfani ya ga sakamakonsa. A kan wannan faifai kansa ma ya karɓi gyara mai zafi daga O'Rourke, wanda ya zubar da aikin watanni. Gyaran wanda ya san aikin ya karɓa, na wanda ke kallon aljihu kaɗai ya ƙi. Hikimar ita ce rarrabe su biyun, kuma wanda bai koyi aikin ba tukuna ba shi da abin rarrabewa.

Na uku, in za mu yanke wa abu hukunci, mu raba shi da labarin da ke bin sa. Littafi ne, ko waƙa, ko mutum, mu tambayi kanmu: abin ne ya burge ni, ko kuwa abin da a ke faɗi a kansa? Gani ya kori ji. Mai sharhi ma mutum ne, ga Christgau ga Pitchfork, faifai ɗaya suka ji.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ranar da jinka ta hau ɗaki a tuna da duk wanda ya sa hannu. In mun yi aikin haɗin gwiwa, a wasan kwaikwayo ko gonar makaranta ko wannan mujalla, aka saɓa da wani, saɓani ba ya share aikin da ya yi. Haka kuma abin wani, ko murya ce ta minti ɗaya ko layi ɗaya na rubutu, a nemi izini a kuma ambaci mai shi.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo ɗaya. In yaro ya kawo muku abin da ya yi da hannunsa, zane ne ko ƙira ko rubutu, kuka ga bai yi kama da abin da kuka saba gani ba, ku dakata kaɗan kafin ku ce aikin banza ne. Ku tambaye shi abin da ya ke nufi. Mai yiwuwa ne shirme ne, ku gyara masa. Mai yiwuwa kuma awonku ne bai kai ba.

Zan bar wa ƙungiyar muhawara ta makaranta tambaya guda: da faifan nan ya fito bai yi kasuwa ba, da Tweedy ya yi daidai da ya ƙi gyara, ko kuwa da ya yi wauta? Ni dai amsata ita ce ya yi daidai, gama ya yanke shawararsa a kan abin da ya sani ranar, kuma ranar ba wanda ya san yadda kasuwa za ta kaya. Wanda ke da wata amsa, filin mujalla na baɗi a buɗe ya ke. Nan zan dasa aya.